Ƙudan 'Ya'yan Itace da Binciken Sankara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa barin mangwaro ko ayaba ta nuna har ta wuce misali ya san su: 'yan ƙananan ƙudaje masu jajayen idanu, tsawonsu bai wuce milimita uku ba, suna shawagi a kan ɓawon. Masana suna kiran wannan ƙuda Drosophila melanogaster. Fiye da shekara ɗari ke nan ana kiwonsa a ɗakunan bincike, kuma kaso mai tsoka na abin da aka sani game da yadda jiki yake girma, da yadda yake tsayar da girman, daga jikinsa aka karanto shi. A amsoshin da ke ƙasa, ƙwayar jiki tana nufin ƙaramin tubalin da aka gina nama da fata da jini da shi, ƙwayar gado kuma tana nufin umarnin da ke rubuce cikin DNA wanda ake gada daga iyaye.

Mene ne haɗin ƙuda da sankarar mutum?

Sankara, ko ciwon daji, asalinta ƙwayoyin jiki ne da suka daina jin umarni. Suna rabuwa inda bai kamata ba, suna ƙin mutuwa lokacin da ajalinsu ya yi, daga baya su bar muhallinsu su shiga na wasu. Umarnin da suka bijire wa kuwa tsoho ne ƙwarai, ya girmi mutum, ya girmi ƙuda. Ƙwayoyin gadon da ke ce wa ƙwayar jiki "girma" ko "tsaya haka nan" kusan iri ɗaya ne a jikinmu da a jikin wannan ƙwaro. Da aka kammala karanta DNA ɗin ƙudan a shekarar 2000, an tarar yana da ƙwayoyin gado wajen 14,000, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da aka sani suna da hannu a cututtukan mutum suna da takwarorinsu a ƙuda.

Masu bincike kan raba waɗannan ƙwayoyin gado gida biyu, kamar totur da birki a mota. Wasu suna ingiza girma, idan suka maƙale a buɗe sai gudu ya yi yawa. Wasu suna tsayar da shi, idan suka tsinke babu mai riƙewa. Gudummawar ƙuda mafi girma a fagen birkin take.

Me ya sa aka zaɓi ƙuda, ba ɓera ko biri ba?

Saboda sauri da arha. Daga ƙwai zuwa balagaggen ƙuda kwana goma ne a ɗumin digiri 25. Mace ɗaya tana saka ƙwai ɗaruruwa. Abincinsa garin masara ne da yis da sikari, gidansa 'yar kwalba. Kuromosom ɗinsa, wato ƙunshin DNA da ke cikin kowace ƙwayar jiki, tagwaye huɗu ne kacal, namu kuwa 23. Sau da yawa inda mutum yake da ƙwayoyin gado uku ko huɗu masu aiki ɗaya, ƙuda guda ɗaya gare shi, don haka idan aka lalata ta babu wata da za ta rufe mata asiri, nan take ake ganin sakamakon.

Thomas Hunt Morgan ne ya buɗe wannan ƙofa a Jami'ar Columbia da ke New York. A 1910 ya ga namijin ƙuda mai farin ido a cikin masu ja, ya bi diddigin gadon wannan siffa har ya tabbatar ƙwayoyin gado a kan kuromosom suke zaune. Ya sami lambar Nobel a 1933. Almajirinsa Hermann Muller ya nuna a 1927 cewa hasken X-ray yana lalata ƙwayoyin gado, abin da ya zama ginshiƙin fahimtar yadda irin wannan haske ke haddasa sankara.

Shin ƙuda yana kamuwa da sankara da gaske?

Yana yin ƙari mai halin sankara. Tun 1918 wata mai bincike, Mary Stark, ta wallafa bayanin wani ƙari da ake gada a tsutsar ƙuda, a zamanin da likitoci da yawa ba su yarda gado yana da hannu a wannan ciwo ba. Ba a ba aikinta kulawar da ta kamata ba sai bayan shekaru masu yawa.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1967 daga Elisabeth Gateff da Howard Schneiderman. Sun yi nazarin wata ƙwayar gado da ake kira lethal giant larvae, a taƙaice lgl. Tsutsar da ta gaji lalatacciyar lgl daga uwa da uba ba ta iya rikiɗa ta zama ƙuda. Sai ta yi ta kumbura, ƙwaƙwalwarta da gaɓoɓin da ke shirin zama fiffike da ƙafa su yi ta girma ba tsari har ta mutu. Gateff ta yanki ɗan naman wannan ƙwaƙwalwa ta dasa a cikin lafiyayyen ƙuda. Naman ya ci gaba da girma, ya kutsa cikin sauran gaɓoɓi, ya kashe mai ɗauke da shi, kuma ana iya sake yankarsa a dasa a wani ƙudan. Wannan shi ne halin sankara sak. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, rashin ƙwayar gadon ne ya kawo ƙarin, wato aikinta na asali hana ƙari ne. Wannan ya riga bayanin Alfred Knudson na 1971 a kan sankarar idon yara, ya kuma riga gano ƙwayar gadon RB ta mutum a 1986 da kusan shekara ashirin.

Idan lalata irin wannan ƙwayar gado yana kashe ƙudan tun yana ƙwai, ta yaya ake nazarinta?

Wannan matsala ce ta gaske, kuma maganinta ya canza fagen baki ɗaya. A 1993 Tian Xu da Gerald Rubin suka inganta wata dabara ta amfani da wani sinadarin yis mai musanya ɓangarorin kuromosom. Da ita ake samar da ƙuda lafiyayye, amma a cikin idonsa ko fiffikensa akwai 'yan tsibirai na ƙwayoyin jiki masu lalatacciyar ƙwayar gado. Ana yi wa tsibiran alama da launi, a ce masu lahani farare, lafiyayyu jajaye. Mai bincike ya zauna gaban madubin ƙara girma yana duba dubban ƙudaje, yana neman wanda farin ya mamaye jan a idonsa. Duk inda aka ga haka, an kama wani birki da ya tsinke.

A ganina darajar wannan dabara ta wuce sauƙin aiki. Sankarar mutum ma haka take farawa: 'yan ƙwayoyi masu lahani a tsakiyar miliyoyin lafiyayyu. Don haka ƙudan yana kwaikwayon farkon ciwon, matakin da kusan ba a taɓa gani a asibiti, domin kafin majiyyaci ya zo ƙarin ya daɗe da wuce nan. A wannan shekara ta 1993 kuma Andrea Brand da Norbert Perrimon suka fito da hanyar kunna kowace ƙwayar gado a gaɓar da aka ga dama, a bar sauran jiki yadda yake.

Ta yaya gaɓa take sanin ta kai girmanta ta tsaya?

Wannan ita ce zuciyar maganar. Fiffiken ƙuda yana farawa ne a cikin tsutsa a matsayin ɗan faifai mai ƙwayoyi 'yan gomomi. Cikin kwana huɗu zuwa biyar su kai wajen 50,000, sai su tsaya. Fiffiken dama da na hagu su fito daidai, alhali ba sa ganin juna. Peter Bryant da abokan aikinsa sun nuna cewa ko an ciro faifan an dasa shi a cikin balagaggen ƙuda, an ba shi lokaci da abinci yadda yake so, yana kaiwa kusan girmansa na asali ya tsaya. Ke nan ma'aunin yana cikin gaɓar kanta.

An fara kama bakin zaren a 1995, lokacin da ɗakin binciken Bryant da na Tian Xu, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano ƙwayar gadon warts, wadda rashinta ke sa wani irin tsiro kamar kuraje a jikin ƙuda. A 2002 aka gano salvador. A 2003 ƙungiyoyi da dama, ciki har da na Duojia Pan da Iswar Hariharan da Georg Halder, suka bayyana wata da aka raɗa wa suna Hippo, wato dorina, saboda kan ƙudan da ya rasa ta yakan yi ƙato, fatarsa ta nannaɗe. A 2005 ɗakin Pan ya gano Yorkie, wadda duk sauran suke aiki don danne ta.

Tsarin kuwa ga shi. Yorkie furotin ne da ke shiga cibiyar ƙwayar jiki ya kunna umarni biyu a lokaci guda: ki rabu, kuma kada ki mutu. Lokacin da ƙwayoyi suka cika wuri suka matsu da juna, Hippo yana tayar da Warts, Warts kuma ya ɗaura wa Yorkie wata alama da ke hana shi shiga cibiyar. Girma ya tsaya. Idan Hippo ko Warts ya lalace, Yorkie ya sami sake, gaɓa ta yi ta ƙaruwa.

Abin da ya tabbatar ba labarin ƙwaro kaɗai ba ne: an ɗauki takwarar warts ta mutum, mai suna LATS1, aka saka wa ƙudan da ya rasa tasa, ta yi masa aiki. A 2007 aka kunna YAP, takwarar Yorkie, a hantar ɓera. Cikin 'yan makonni hantar ta ninka girmanta sau huɗu zuwa biyar. Da aka kashe ta hantar ta koma yadda take, da aka bar ta a kunne na dogon lokaci sai sankarar hanta ta bayyana. A jikin mutum, lalacewar NF2, wadda ƙuda ya nuna tana saman wannan sarƙa, tana kawo ƙari a jijiyar ji, kuma ana yawan samunta a sankarar rigar huhu da ƙurar asbestos ke haddasawa. Yanzu haka ana gwada magungunan da ke toshe abokin aikin YAP a kan marasa lafiya.

Girman ƙwayar jiki da rabuwarta ba abu ɗaya ba ne?

A'a. A 1998 ɗakin binciken Bruce Edgar ya tilasta wa ƙwayoyin fiffike rabuwa da sauri. Aka sami ƙwayoyi da yawa amma ƙanana, girman yankin bai canza ba. Da aka rage saurin rabuwar, aka sami kaɗan amma manya. Don haka ƙari ba ya samuwa da rabuwa kawai, sai ƙwayar ta iya tara nama, wato ta ja abinci ta ƙera furotin.

Sarƙar insulin ce ke kula da wannan. A 1999 ɗakin Ernst Hafen a Zurich ya bayyana chico: ƙudan da ya rasa ta cikakke ne, yana tashi, amma nauyinsa bai kai rabin na 'yan uwansa ba. A 2001 kuma aka ga rashin Tsc1 ko Tsc2 yana sa ƙwayoyin idon ƙuda su yi ƙatta. Waɗannan su ne ƙwayoyin gadon wata cuta ta mutum da ke sa ƙari a ƙwaƙwalwa da ƙoda da fata, wadda aka san sunayensu amma ba a san aikinsu ba. Ƙuda ya taimaka aka gane cewa suna danne wani furotin mai suna TOR. Da yake akwai maganin da ke toshe TOR tun da daɗewa, hanya ta buɗe, kuma a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da everolimus don ƙarin ƙwaƙwalwa na masu wannan cuta.

Lalacewar ƙwayar gado ɗaya ta isa ta kawo sankara?

Yawanci ba ta isa ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. A 1975 a Madrid, Ginés Morata da Pedro Ripoll suka lura cewa wasu ƙwayoyi masu jinkirin girma suna rayuwa lafiya idan duk jikin irinsu ne, amma idan aka sa su a tsakanin lafiyayyu sai su ɓace. Maƙwabtansu ne ke sa su mutu, su maye gurbinsu. Daga baya aka ga irin haka da scribble, ƙwayar gadon da ke taimaka wa ƙwayar jiki sanin samanta da ƙasanta. Idan duk faifan fiffike ya rasa scribble, ƙari ne. Idan kuwa ɗan tsibiri ne ya rasa, lafiyayyun da ke kewaye suna fitar da shi. Wato nama yana da tsaronsa na cikin gida, tun kafin a kai ga sojojin jini.

A 2003 ƙungiyoyi biyu, ta Tian Xu a Yale da ta Helena Richardson a Ostireliya, suka haɗa rashin scribble da Ras, wata ƙwayar gado mai ingiza girma, wadda aka maƙale a kunne. Ras shi kaɗai yana sa nama ya yi yawa amma ya tsaya wurinsa. Rashin scribble shi kaɗai yana ƙarewa da mutuwar ƙwayoyin. Da suka haɗu, ƙwayoyin suka tsira daga maƙwabta, suka huda shingen da ke ƙarƙashinsu, suka bazu zuwa wasu gaɓoɓi.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da cututtukan da muke gani a asibitocinmu. Ƙwayar cutar HPV mai kawo sankarar bakin mahaifa tana da wani furotin, E6, wanda ban da lalata p53, wani babban birkin hana ƙari, yana kuma lalata takwarorin Scribble da abokin aikinsa Dlg na mutum. Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin tsarin rigakafinta a watan Oktoba na 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Haka kuma Myc, wata ƙwayar gado mai ingiza girma: a 2004 aka nuna a ƙuda cewa ƙwayoyin da ke da Myc fiye da kima suna juya wannan gasa, su riƙa kashe lafiyayyun maƙwabtansu suna cin wurinsu. Myc ɗin nan ita ce ke maƙalewa a kunne a sankarar yara mai kumbura muƙamuƙi, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, kuma ta fi yawa a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro.

Sunaye irin su Hedgehog da Notch da Wnt da likitocin sankara ke ambata, daga ƙuda suka fito?

Daga can suka fito. A ƙarshen shekarun 1970 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka zauna a Heidelberg ta Jamus suna duba matattun tsutsotsi dubbai don gano ƙwayoyin gadon da ke tsara jiki. Ba sankara suke nema ba. Sun wallafa sakamakon a 1980, suka sami Nobel a 1995 tare da Edward Lewis. Tsutsar da ta rasa hedgehog takan cika da ƙayoyi kamar bushiya. A 1996 aka gano cewa lalacewar patched, birkin wannan sarƙa, tana bayan sankarar fata mafi yawa a duniya, kuma a 2012 aka amince da vismodegib don maganinta.

Ita kuwa wingless, R. P. Sharma ne ya same ta a Indiya a 1973, a ƙudan da ba shi da fiffike. A 1987 aka gane ita ce dai ƙwayar gadon da Roel Nusse da Harold Varmus suka gano a sankarar nonon ɓera a 1982, wato wadda yanzu ake kira Wnt. Wannan sarƙa ce ke lalacewa a mafi yawan sankarar babban hanji. Notch kuma tun zamanin Morgan aka san ta, saboda ɗan gibi a bakin fiffike. A 2004 aka tarar ta maƙale a kunne a fiye da rabin masu wani nau'in sankarar jini da ke kama yara da matasa.

Ana gwada magani a kan ƙuda kai tsaye?

Ana yi, ta hanyar zuba maganin a cikin abincinsa. Ɗakin binciken Ross Cagan ya saka wa idon ƙuda lalatacciyar RET, mai kawo wani nau'in sankarar tayirod da ke wuya, ya nuna a 2005 cewa wani sinadari yana gyara idon ba tare da ya kashe ƙudan ba. Wannan sinadari, vandetanib, ya sami amincewa a 2011 bayan gwaji a kan mutane.

A asibitin Mount Sinai na New York sun ƙara gaba. Suka karanta DNA ɗin ƙarin wani majiyyaci mai sankarar hanji da ta bazu, suka kwaikwayi lalacewa tara daga ciki a hanjin ƙuda, suka gwada magunguna masu yawa a haɗe. Haɗin trametinib da zoledronate ya ceci ƙudajen, aka ba majiyyacin, ƙarinsa ya ragu ya kuma tsaya na kusan wata 11, kamar yadda aka wallafa a 2019. Mutum ɗaya ne, kuma ba warkewa ya yi ba. Wajibi ne a faɗi haka, domin iyalan masu wannan ciwo sun sha alƙawarin da ba a cika ba.

Me ya sa mai sankara yake ramewa ko da yana cin abinci?

A 2015 ɗakin Perrimon da na David Bilder suka ga ƙuda mai ƙari yana zubar da tsoka da kitse, ƙwansa yana shanyewa. Sun gano ƙarin yana sakin wani furotin, ImpL2, da ke kama insulin a cikin jini, ya hana sauran gaɓoɓi amfana da abinci alhali shi yana ci gaba da girma. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa ramar saƙo ce da ƙarin ke aikawa, don haka ɗura wa majiyyaci abinci shi kaɗai ba ya mayar da jikinsa.

Tunda ana ta maganar ƙwayoyin gado, sankara gado ce ke nan?

Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ake gada daga iyaye. Sauran lalacewar tana faruwa ne a rayuwar mutum, ta dalilin tsufa, taba, hasken rana, cutar hanta nau'in B, HPV, ko gubar funfuna a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba.

Ina iyakar ƙuda?

Ba shi da jijiyoyin jini irin namu, jininsa yana yawo ne a sake cikin jiki, don haka yadda ƙari ke janyo jijiya da yadda yake bin ta ya bazu sai a ɓera ko kifi. Ba shi da rukunin sojojin jini masu tuna maƙiyi, waɗanda sababbin magungunan tayar da garkuwar jiki suka dogara a kansu. Ba shi da nono ko mafitsara irin ta mutum. Rayuwarsa wata biyu ce, sankarar mutum kuwa takan ɗauki shekaru tana haɗuwa. Yadda jikinsa ke sarrafa magani ma daban ne. Duk abin da aka gani a ƙuda sai an sake tabbatar da shi a ƙwayoyin mutum, a dabba mai shayarwa, sannan a gwajin asibiti.

Za a iya yin irin wannan bincike a jami'o'inmu?

Za a iya, kuma an fara. Asalin ƙudan nan ma ɗan Afirka ne: binciken da aka wallafa a 2018 daga dazuzzukan Zimbabwe ya nuna na daji sun fi son 'ya'yan danya a kan kowane ɗan itace. Ƙungiyar DrosAfrica tana horar da masu bincike na nahiyar tun 2013, ta fara daga Uganda, kuma a Ibadan Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horo a kan Drosophila. Bayanan kowace ƙwayar gado ta ƙuda suna FlyBase kyauta a intanet, kuma cibiyar Bloomington da ke Jami'ar Indiana tana ajiye dubban nau'o'in ƙuda tana aika wa masu bincike a duniya.

Kayan farawa ba su da yawa: madubin ƙara girma, kwalabe, auduga, burushi mai laushi, da hanyar sumar da ƙudan kafin a duba shi. Babban ƙalubale a arewa zafi ne. Namijin wannan ƙuda yana daina haihuwa idan ɗumi ya kai digiri 30, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram watan Afrilu yakan haura 40. Duk sashen da zai fara wannan aiki, kafin ya yi odar ƙuda ko ɗaya, sai ya tanadi akwatin da ke riƙe ɗumi a digiri 25 dare da rana, da sola da batirin da za su riƙe shi idan an ɗauke wuta.